Turken da Dogo Ya Hau

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Likita ta ce in sami littafi in riƙa rubutu, ga shi na samu. Na 'yata Auta ne, na lissafi, ta cika shafi huɗu ta yar. Na yage nata na fara nawa.

Yau ne zuwana na farko. Asibitin kamfani ne suka tura ni, bayan wata huɗu ina shan ƙwayar barci ba ta tsinana mini komai ba. Na zaci zan tarar da gado da allura. Ɗaki ne ƙarami a hawa na biyu, kujera biyu, tebur, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Na zauna a kujerar da ke fuskantar ƙofa. Likita ta lura.

Likitar tunani ce, ba ta jiki ba. Za ta kai shekara hamsin, tana magana a hankali kamar mai ƙirga ƙwai. Ta ce za mu haɗu sau goma sha biyu, kowace Laraba, kuma akwai aikin gida. Na ce mata shekarata arba'in da shida, rabona da aikin gida tun ina da gashi a ka. Ta yi dariya, amma ta miƙo takardar.

Ta tambaye ni aikina. Na ce shekara sha tara ina gyaran layin wutar lantarki, sha ɗaya daga ciki ni da abokin aikina Dogo a mota ɗaya. Dogo ya rasu a watan Nuwamba, a kan aiki, ina wurin. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ita ma ba ta matsa ba. Ta ce ba za ta sa in manta ba, babu mai iya wannan. Abin da za mu duba shi ne maganganun da nake faɗa wa kaina game da abin, domin wasunsu gaskiya ne, wasu kuma maƙalewa kawai suka yi.

Aikin wannan makon shafi ɗaya ne. Ba yadda abin ya faru ba. Me ya sa, a ganina, ya faru.

Juma'a, 7 ga Maris, da hantsi

Ina sito. Tun Disamba Oga ya dawo da ni nan, wai in huta. Ina ƙirga kusoshi da safar hannu, ina rubuta wa mutane takardar fitar da kaya. Mai sito mutumin kirki ne, sai dai yana yi mini magana kamar wanda zai fashe in aka ɗaga murya.

Ban rubuta shafin ba.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na rubuta. Bai kai rabin shafi ba.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ta ce in karanta da bakina. Na ce ai ga shi a rubuce, ta karanta mana. Ta ce ta fi so ta ji daga gare ni. Na karanta ina kallon igiyar takalmina.

Da na gama ta ɗauki biro ta ja layi a ƙarƙashin wurare huɗu, ta kwafe su a wata takarda dabam:

Ni na kashe shi.
Da ni na hau, da yana nan.
Duk wanda ya dogara da ni zai cutu.
In na saki jiki, wani abu zai faru.

Ta ce waɗannan su ne wuraren da tunanina ya maƙale, ɗaya bayan ɗaya za mu bi su. Ta tambaye ni na farkon, kashi nawa cikin ɗari na yarda da shi. Na ce ɗari. Na jira ta ce a'a, ƙaddara ce, kamar yadda kowa ke cewa. Sai kawai ta rubuta ɗari, ta sa kwanan wata.

Wannan ya ba ni mamaki. Wata huɗu ke nan, ita ce ta farko da ba ta yi mini gardama ba.

Lahadi, 16 ga Maris, da rana

Auta tana gugar kayan makaranta, wayar dutsen gugar ta ɗan yi tartsatsi, ɗakin ya ɗauki warin roba. Ban san lokacin da na isa wurin makunnin gidan na kashe komai ba. Na yi mata tsawa. Ban tuna abin da na ce ba, amma na tuna fuskarta. Shekararta sha uku, ban taɓa yi mata irin wannan ba.

Uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce wa Auta ta je ta kwaso shanya. Sannan ta ce, "Baban Auta, ka kunna mana firji ko da shi kaɗai ne, akwai nama a ciki."

Na kunna.

Likita ta ba ni takarda mai layi uku: abin da ya faru, abin da na faɗa wa kaina, abin da na ji. Na cika ta. A layin tsakiya na rubuta: zan sake kashe wani. A na ƙarshe: tsoro, sai kunya.

Laraba, 19 ga Maris, da yamma

Mun duba takardun. Ta ce in lura, ba dutsen guga ne ya sa ni tsawa ba, layin tsakiyan ne. Na ce ni dai a jikina ban ji wani layin tsakiya ba, wari na ji sai na gan ni a bakin makunni. Ta ce haka yake da farko, yana wucewa da gudu, rubutun ne ke rage masa sauri.

Na gyara wayar dutsen gugar. Minti biyar.

Asabar, 22 ga Maris, da safe

Matar Dogo ta aiko. Ta gaya wa uwargida a kasuwa cewa tana son ganina. Ƙarshen watan gobe za ta tashi, yayanta zai zo ya kwashe su da yaran zuwa garinsu.

Tun ranar da aka kai Dogo makwancinsa ban taka layinsu ba. In zan je wurin aiki ta bayan gidan mai nake zagayawa, ƙarin minti ashirin. Uwargida ta sani. Ta faɗi saƙon tana ninke kaya, ba ta ɗago kai ba, ta ce ita dai ta isar.

Na ce to.

Laraba, 26 ga Maris

Ban je ba.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Likita ta kira. Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce a sito? Ta ce ba faɗa ta kira ta yi mini ba, yawancin mutane a daidai nan suke ɓacewa, domin sun hango inda aka dosa. Gujewa tana ba mutum sauƙin yini ɗaya, ta ce, amma ita ce ke ciyar da abin. Kujerata tana nan ranar Laraba.

Na ƙirga safar hannu sau biyu, lissafin bai zo ɗaya ba.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na je. Yau mun daɗe.

Ta ɗauko na farkon, ni na kashe shi, ta ce mu yi masa tambayoyi kamar baƙon da ya zo neman aiki. Ba ta gaya mini komai ba, tambaya kawai take yi.

Wa ya kira ɗakin kula da layuka a yanke wutar? Ni. Sun tabbatar? Sun tabbatar, ƙarfe tara da minti goma. Wa ya gwada layin da sandar gwaji? Ni. Me ta nuna? Babu wuta. To daga ina wutar ta zo? Na ce daga gidan ƙanƙara da ke bayan layin. Da suka ga an ɗauke wuta sai suka tayar da janareto, kuma wanda ya haɗa musu shi ya haɗa ba daidai ba, wutar ta biyo waya ta dawo kan turken. Ta ce a lokacin da Dogo ya sa ƙafa a tsani, na san akwai gidan ƙanƙara a bayan? Na ce a'a, bayan kwana uku masu bincike suka gano.

"To, mutumin da ke tsaye a gindin turken nan ƙarfe tara da kwata," in ji ta, "kana tuhumarsa da abin da bai sani ba sai bayan kwana uku."

Na ce akwai wayar ƙasa. Na yi mata bayani: waya ce da ake maƙala wa layi a haɗa da ƙasa kafin a taɓa, don ko wuta ta dawo ta bi ta nan, ba ta jikin mutum ba. Tamu bakinta ya karye tun watan Agusta. Sau biyu na rubuta a ba mu wata. Ba a ba mu ba, muka ci gaba da fita, kamar yadda sauran motocin ke yi. Da na ƙi fita ranar, da abin bai faru ba.

A nan ba ta ce mini "ba komai" ba. Ta ce wannan gaskiya ne, kuma zai yiwu in yi ta nadamarsa har ƙarshen raina. Amma ta ce in duba bambanci tsakanin wanda ya yi nufin abu, da wanda yake da ɗan kaso a cikinsa, da wanda abin ya zo masa ta inda bai hanga ba. Kalmar kisa ta wanne ce a ciki? Ta ba ni takarda in rubuta duk wanda yake da hannu, in raba musu ɗarin nan da na ɗora wa kaina ni kaɗai.

Na fito kaina yana sarawa. Na zauna a kan benci a wurin ajiye motoci kusan rabin awa kafin in tafi.

Juma'a, 4 ga Afrilu, da rana

Na raba. Wanda ya haɗa janareton. Mai gidan ƙanƙarar. Wanda takardata ta kwana a teburinsa sau biyu. Ni. Na daɗe kafin in rubuta Dogo, shi ma ya san wayar a karye take. Da na rubuta sunansa sai na ji kamar na zage shi, na soke, na sake rubutawa.

Ko yaya na juya lissafin, nawa bai kai ɗari ba. Haushi ya kama ni, ban san dalili ba.

Litinin, 7 ga Afrilu, da safe

Barci awa biyar a jere. Uwargida ta ce har minshari na yi, ta ce ba ta taɓa jin daɗin minsharina ba sai yau.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Saba'in, na ce mata. Ta rubuta.

Muka shiga na biyu, da ni na hau da yana nan. Ta tambaya ko akwai ƙa'idar wanda zai hau. Na ce babu, karɓa-karɓa muke yi, wani lokaci ni, wani lokaci shi. Sau nawa muka yi musaya a shekara sha ɗaya? Ba ya ƙirguwa. Ta ce to ranar me ya sa shi ya hau?

Na ce lokaci ya yi, zan makara ɗauko Auta. Ta dubi agogo, saura minti ashirin. Ta ce to, sai Laraba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Auta hutu suke yi. Likita ba ta sani ba. Ko ta sani.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Gidan shiru, uwargida da Auta sun tafi unguwa. Bari in rubuta a nan tukuna, in ga ko zai rubutu.

Ranar da abin ya faru, layina ne. Ni ya kamata in hau. Na riga na ɗaura bel ɗin hawa turke. Ba ciwo nake yi ba, ba waya aka yi mini ba, ba komai. Ƙyuya ce kawai ta safiya. Na dubi Dogo na ce, kai da Allah ya ba tsawo kyauta, me za ka yi da shi in ba wannan ba, ai ko tsani ba ka buƙata. Ya yi dariya. Ya ce, Gajere, wata rana sai na kai ƙararka. Ya karɓi bel ɗin a hannuna.

Masu bincike ban gaya musu ba. Uwargida ban gaya mata ba. Na ce musu dai shi ya hau.

Ya rubutu.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Na miƙa mata littafin a buɗe, ta ce in karanta. Na karanta. Muryata ta tsaya a wurin bel ɗin, ta jira ni.

Ta tambaya ko ranar ce na fara yi masa wannan tsokanar. Na ce ina, kusan kullum ne. Shi kuma in aikin na cikin rami ne ko ƙarƙashin taransifoma sai ya ce Gajere, ga naka, kai da ƙasa 'yan uwa ne. Ta ce sau nawa na yi masa wannan wasan ya hau ya sauko lafiya? Na ce ɗaruruwa. Ta ce to me ya bambanta na ranar, wasan ne ko janareton?

Ta kuma tambaya: da ni na hau, shi ne yau a kujerar nan yana cewa shi ya kashe ni, me zan ce masa?

Na ce zan ce masa ya daina shirme.

Ta ce in rubuta wannan ma.

Na gaya mata maganar matar Dogo. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Ta ce in cika takarda a kai. A layin tsakiya na rubuta: za ta dube ni ta gane. Likita ta ce ta gane me, kuma wace shaida nake da ita cewa don tuhuma take nemana? Na duba, ba ni da ko ɗaya. Mace ta ce tana son ganina, shi ke nan abin da na sani.

Talata, 22 ga Afrilu, da yamma

Na bi ta layin su Dogo a kan babur. Ban tsaya ba. An fara fito da kwalaye baranda.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Mun je gidan Dogo, ni da uwargida.

Falon babu komai sai kujeru biyu da kwalaye, an cire labule, wurin da hotuna suke a bango ya fi sauran haske. Matar Dogo ta rame. Ta gaishe ni, ta ce Yaya ka ɓuya, ta kawo ruwa. Suka ɗan taɓa hira da uwargida a kan makarantar da yaran za su shiga a can. Ni ina riƙe da kofi.

Can ta juyo ta ce abu ɗaya take so ta tambaye ni. Kamfani sun ba ta takarda, ta karanta har ta haddace, ƙarfe kaza aka yi kaza. Amma ranar da safe sun ɗan sami saɓani da shi, a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya fita bai karya ba, ko sallama bai yi mata ba. Wata biyar ke nan tana tunanin da ɓacin ranta ya hau turken nan, hankalinsa ba ya wurin.

"Kai kaɗai ke wurin, Yaya. Yaya yake kafin ya hau?"

Na ajiye kofin. Na gaya mata duka, har da cewa layina ne, har da bel ɗin, har da abin da na ce masa da abin da ya ce mini. Uwargida tana ji, karon farko.

Ta ce, dariya ya yi? Na ce dariya ya yi, har da buga mini kafaɗa. Kuma ya karya, a hanya muka tsaya ya ci burodi biyu, nawa ma shi ya ƙarasa.

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane kuka take ko dariya, ina jin duka biyun ne. Da ta buɗe ta ce haka yake, in ya yi fushi cikinsa ba ya taya shi. Na jira ta ce wani abu a kan cewa layina ne. Na ma sake faɗa, ko ba ta ji ba. Ta ce ta ji. Ta ce shekara sha ɗaya yana dawowa gida yana ba ta labarin ranar da ya tura ni rami, to da ramin ne ya rufta fa?

Na taya su ɗaure kwalaye har la'asar. A hanyar dawowa, sai da muka zo ƙofar gida uwargida ta ce, wata biyar kana ɗauke da wannan kai kaɗai, muna gida ɗaya. Na ce ki yi haƙuri. Ta ce sai ta yi shawara, ta wuce ta ɗora ruwan shayi.

Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

Talatin. Ta rubuta. Ta ce na farkon yanzu ya zan faɗe shi, in da bakina na yau ne? Na ce: na yi wasa da abokina kamar kullum, mun fita da kayan da ba su cika ba, wutar wani ta dawo. Ya fi tsawo, ba ya zama a kai da sauƙi kamar wancan. Ta ce in riƙa karanta shi kullum har ya zauna.

Saura biyu a jerin, da zama huɗu. Na ba Auta haƙuri a kan maganar guga. Ta ce ai ta manta, amma in ina so ta yafe sosai in saya mata sabon littafin lissafi.

Litinin, 5 ga Mayu, da rana

Na gaya wa Oga ina so in koma mota, amma a ƙasa tukuna, riƙon tsani da miƙa kaya. Kuma ba zan fita ba sai da wayar ƙasa mai lafiya. Ya ce an sayo sababbi tun Janairu. Na ce na sani, ni na ƙirga su.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Yau na fita. An haɗa ni da Mai Gemu, tsohon hannu ne, ba ya magana sai ta kama. Aiki biyu muka yi, shi a sama ni a ƙasa. Na maƙala wayar da hannuna, na duba sau uku. Gumi ya jiƙa mini riga, amma na tsaya.

Muna dawowa, a mahaɗar kusa da kasuwa, sai ga wani a kan babur ya ɗauro katifa a bayansa, iska ta ɗaga ta, yana tafiya kamar zai tashi sama, yana ta yi wa mutane hon su kauce. Dariya ta ƙwace mini. Na juya in ce Dogo dubi wannan, sai na ga gemu.

Kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kai shi. Mai Gemu ya gangara gefen titi ya kashe mota. Bai dube ni ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya sauke gilashi ya zauna yana kallon masu wucewa har na gama, sannan ya tayar.

Da na dawo gida na ɗauko takardar Likita in cika. Abin da ya faru, na rubuta katifa. Abin da na ji, na rubuta. Na zo layin tsakiya, abin da na faɗa wa kaina, na daɗe da biro a hannu ina nema. Ban ce wa kaina komai ba. Kewarsa kawai na yi.

Na bar layin babu komai. Uwargida tana kira, abinci ya sauka.